Takardar da na yi wa dabaibayi

Shekara talatin da 'yan kai na yi ina riƙe da alli, kuma a tsawon wannan lokaci na manta abubuwa da yawa, har da sunayen yaran da na rantse ba zan taɓa mantawa da su ba saboda rashin jinsu. Amma akwai wata Juma'a a wani shagon injinan ban ruwa a nan Tawa wadda na san sai dai a binne ni da ita. Ranar ce aka bi rubutuna da jan alƙalami a gaban ƙanena, kuma wadda ta yi gyaran ni na koya mata riƙe alƙalamin.

Faransanci nake koyarwa a kwaleji a lokacin. A unguwarmu babu mai kiran sunana, Mushe kawai ake cewa, yadda ake kiran malamin boko da Faransanci, kuma duk wanda ke da takardar da za ta shiga ofis ƙofar gidana yake nufa. Ba na karɓar ko dala. Ladana shi ne in karanta wa mutum abin da na rubuta da ƙarfi, in ga yana gyaɗa kai alhali bai fahimci ko kalma ba. Ina son doguwar jimla yadda wasu ke son doki. In har jimla ba ta sha kwana sau biyu ko uku ba kafin ta kai aya, gani nake ba a yi rubutu ba.

Ƙanena kuwa, uwa ɗaya uba ɗaya, yana ƙauyenmu a gefen Kalfu. Ni aka kai lakwal, wato makarantar boko, shi aka bar wa gona, kuma karatunsa na allo ne. Da damina gero, da rani albasa a fadama. Ba shi da injin ban ruwa. Na maƙwabcinsa yake haya, sai mai abu ya gama tukuna, wani lokacin sai shuka ta fara sunkuyar da kai. A shekarar da nake magana ya yi abin da bai taɓa iya yi ba: bai sayar da albasarsa a bakin gona lokacin da take arha kamar ƙasa ba. Ya zuba ta a rudu, wato rumbun karan da ake adana albasa, ya ɗaure ciki har ƙarshen damina, ta yi kuɗi.

Wanda ya saya wani Alhaji ne, asalinsa Maraɗi amma ya tsufa a Tawa, mai loda manyan motoci zuwa Abijan. Ya biya rabi hannu da hannu, wannan rabin ya tafi ga hatsi da ƙananan basussukan gida. Sauran rabin sai motoci sun dawo. Haka ake yi, kuma babu wanda ya taɓa cewa Alhaji ya ci masa ko sisi. Matsalar ita ce ƙanena ya riga ya yafa iri ninki biyu na abin da ya saba, da niyyar bana da injinsa zai yi ban ruwa, maƙwabcin kuma ya yi alkawarin nasa ga wani. Irin albasa ba ya jiran kowa. Idan kwanakinsa suka cika ba a dasa shi ba, ya tsufa a wurin, aikin shekara ya tafi.

Mai shagon injina, wani Badamagare mai ƙarancin magana, ya ce shi ba ya ba manomi bashi, amma sunan Alhaji kuɗi ne. Idan Alhaji ya rubuta takardar alkawarin biya, irin wadda ake iya juya wa wani, ƙanena ya juya masa ita, zai ba shi inji da tiyo, ɗan abin da ya yi saura ya cike da taki. Inji ɗaya ya rage a cikin waɗanda aka kawo. Ya ce zai ajiye shi har ranar Lahadi, ranar kasuwa. Daga nan mai kuɗi a hannu shi ke da shi.

Wa zai rubuta, in ba Mushe ba? Ranar Alhamis da la'asar muka zauna a rumfar Alhaji, buhunan albasa sun kewaye mu, warinsu na sa ido ruwa. Na shimfiɗa takarda a kan jakata. Alhaji ya ce in rubuta zai biya, babu ko tantama. Sai ya ɗaga yatsa.

"Amma Mushe, kar ka sa ni in yi alkawalin gobe awa ni ad da gobe. Sa min, in motoci sun komo lahiya, in kaya sun sayu. Rana kuwa, ka ce bayan Babbar Salla."

Wanda ba ɗan nan ba zai ce dabara ce. Mu a wurinmu tarbiyya ce. Dattijon kirki ba ya buɗe baki ya ce ran kaza zan yi kaza, ya yi shiru. Wannan maganar yara ce, ko ta wanda ya manta cewa rai a hannun Allah yake. Shi ya sa ko a jikina ban ji komai ba, ƙanena ma bai ji ba. Ƙari ma na yi. Na ɗauki wannan sharaɗi na Alhaji na yi masa ado da Faransancin da ko a Yamai sai an tsaya an duba, layi uku cur, da motocin, da hanyar, da kasuwar Abijan, kowanne da wurin zamansa. Alhaji ya sa hannu. Na karanta musu da ƙarfi, suka gyaɗa kai, na karɓi ladana.

Washegari bayan an sauko daga masallaci muka nufi shagon. Mai shagon bai ko taɓa takardar ba. Ya nuna mana wani ƙaramin ofis a ciki, ya ce a kai wa mai riƙe masa lissafi. Muna shiga wata mata mai tabarau ta miƙe tsaye ta ce, "Sannu da zuwa, Mushe." Da ta ga ina lalube sai ta taimake ni. Ta ce ita ce mai zama bakin taga a aji na uku, wadda na taɓa rubuta wa a gefen takardar insha'inta cewa rubutunta ya bushe kamar ƙashin rani.

"Bakwai bisa ashirin, Mushe," in ji ta, tana murmushi.

Na ce ai yaro sai da gyara. Ta ce ƙwarai kuwa. Ta karɓi takardar ta karanta sau biyu, sannan ta tambayi wanda ya rubuta. Na ce ni ne, na gyara zama ina jiran yabo. Ta ajiye takardar a kan tebur a hankali.

"Mushe, Faransancin babu kuskure ko ɗaya. Takardar ce ba ta tafiya."

Ta yi mana bayani a tsanake, da Hausa, tana duban ƙanena fiye da ni. Ta ce irin wannan takarda don tafiya aka yi ta, daga hannu zuwa hannu, kamar kuɗi. Mai shagon ba ajiye ta zai yi a aljihu ba, zai juya ta ga wanda ke kawo masa injina daga Yamai, shi kuma watakila ya kai banki. Mutumin Yamai bai san direbobin Alhaji ba, kuma ba zai je ya tsaya bakin iyaka yana ƙirga motoci ba. Abin da ke fuskar takarda kaɗai ya sani. Saboda haka doka ta faɗi abin da dole a gani a fuskarta. Ta shiga lissafawa da yatsu: takardar ta faɗi ko ita mece ce a cikin rubutunta, da adadin kuɗi tsayayye, da wanda za a biya ko wanda ya juya wa, da inda za a biya, da ranar da aka rubuta da garin da aka rubuta, da sa hannun mai alkawari. Duk waɗannan na kawo su, ta ce, amma akwai wasu biyu da ban kawo ba. Lokacin biya ya zama wanda kowa zai iya nunawa a kalanda, kuma alkawarin ya zo tsirara, babu "idan" ko ɗaya a jikinsa.

Ta yi hoton takardar a inji, ta ɗauki jan alƙalami, ta ja layi a ƙarƙashin layukan nan uku da na fi alfahari da su. Ta ja wani a ƙarƙashin "bayan Babbar Salla", ta ce yau ma bayan Sallar bara muke.

Na yi gardama, kamar kowane malami da aka kama. Na ce Alhaji mutum ne mai amana, duk Tawa ta sani. Ta ce ita ma ta sani, mahaifinta ma yana sayar masa da wake. Ta ce takardar tawa ba ta mutu ba, shaida ce cewa ana bin Alhaji bashi, ko gaban alƙali za ta yi amfani. Sai dai amanar Alhaji a Tawa take zaune, takarda kuwa za ta je inda ba a taɓa jin sunansa ba. A yadda take, ba za ta sayi inji ba.

Ƙanena ya leƙa jan layin ya ce, "Wato dai dabaibayi kay yi mata, yaya." Ya faɗa ba da zafi ba, kamar mai duba ƙafar jaki. Da zagina ya yi da ya fi mini sauƙi.

Asabar da hantsi muka koma rumfar Alhaji, saura kwana ɗaya. Na kwana ina shirya jawabi, na kuwa zuba shi gaba ɗaya, da gabatarwa da misalai da kammalawa, kamar mai duba malamai na zaune a bayan aji. Alhaji ya saurara har ƙarshe yana jan carbi, sannan ya tambaye ni ko maganarsa ce ba ta isa ba yanzu sai wata yarinya ta auna ta. Na ce ba haka ba ne. Ya ce to yaya ne? Daga nan ya faɗi abin da ke ransa. Shekarun baya an taɓa tsare masa mota biyu a bakin iyaka har albasar ta zama ruwa, warin ya kori masu tsaron da kansu. Wanda ya ga wannan da idonsa, ya ce, ba zai sa hannu a kan rana ba. Shi bai ƙi biya ba. Hanya ce ba tasa ba.

Mutumin ba maƙaryaci ba ne, tsoronsa kuma na gaske ne. Na fara tattara takarduna, ina lissafin ko albashina na wata nawa zai sayi inji, lissafin da na san ƙarshensa tun kafin in fara. A nan ne ƙanena ya gyara zama a kan buhu, ya cire hularsa ya duba cikinta ya mayar, abin da mahaifinmu ke yi in zai faɗi magana mai nauyi.

"Alhaji, in yi tambaya? Ranar da ka zo rudu, kuɗɗin Kalfu ka sayi albasata ko kuɗɗin Abijan?"

Alhaji ya ce na Kalfu mana.

"In Allah ya ba ka riba can, da rabona ciki?"

Carbin ya tsaya.

"To ribar hanya taka ta, Alhaji, kuma Allah shi ƙara. Ƙaƙa asarar hanya taz zama tamu mu biyu?"

Akwai dillalai biyu a gefe, ɗaya ya duƙar da kai yana gyaran takalmin da babu abin da ya same shi. Ni kuwa na kau da ido, don ba a yi wa mai kuɗi irin wannan tambaya a gaban mutanensa. Alhaji ya daɗe yana kallon ƙanena, sai kafaɗunsa suka fara rawa. Dariya yake yi.

"Mushe," in ji shi, "kai an ka kai lakwal, wanga an ka bar wa hankali."

Na ce haka mahaifinmu ya raba gadon tun yana da rai.

Bai sa hannu nan take ba, ɗan kasuwa ne. Ya kira babban direbansa a waya, ya yi lissafin kwanakin zuwa da na dawowa, ya ɗora mako uku a kai saboda halin hanya, sannan ya faɗi rana. Na kira ɗalibata, ta tambayi mai shagon, ya ce ranar ta yi nisa amma tunda tsayayya ce ya karɓa. A wayar ta yi mini shifta, ni da na yi shekaru ina yi wa yara. Layi huɗu, busassu kamar ƙashin rani. Da Alhaji ya ji an karanta sai ya ce, to ina "in Allah ya yarda"? Na ce ɗalibata ta ce wannan tsakaninsa da Ubangijinsa ne, ya faɗa da baki iya son ransa. Ya jawo hatimin shagonsa zai buga, na ce a'a, da hannunsa ake so. Ya karɓi alƙalami ya sa hannu, yana faɗin in Allah ya yarda har sau uku, na ukun da ƙarfi don dillalai su shaida.

Da muka koma shago ta duba takardar, ta juya bayanta, ta nuna wa ƙanena inda zai sa hannu ya juya ta ga mai shago. Amma ta dafe wurin da tafin hannunta tukuna. Ta ce ya sani, duk wanda ya sa hannu a bayan irin wannan takarda ya shiga layin masu lamuni. Idan ranar ta zo Alhaji bai biya ba, ana iya zuwa kansa. Ya tambaya ko injin za a ɗauke. Ta ce injin, da abin da ya fi injin in bai isa ba. Ƙanena ya juyo ya dube ni. Karo na farko a rayuwata na nemi jimla na rasa, doguwa ko gajera. Sai ya ce iri ba ya jira, ya karɓi alƙalami ya rubuta sunansa da ajami, a hankali, harafi bayan harafi. Ranar Lahadi da yamma injin ya tafi ƙauye a saman motar 'yan kasuwa, an ɗaure shi tsakanin buhun gishiri da akuya.

Da a ce labari nake ƙirƙira, da a nan zan tsaya. Amma abin da Alhaji ya ji tsoro shi ya faru. Salla ta zo ta wuce, mota ɗaya ta lalace a hanyar dawowa, ɗayar aka riƙe ta a iyaka kan wasu takardu. Mako ukun da ya ɗora suka shiga narkewa. Ƙanena na can yana dashe, bai san komai ba, ni kuwa a gari kowace safiya sai labari ya iso ni. Abinci ya daina shiga. Ɗalibaina suka lura Mushe ya fara yafe kurakuran shifta, har wani ya tambaya ko ba ni da lafiya. Ni na kai ƙanena ga wannan sa hannu, kuma na san in abin ya ɓaci ba injin kaɗai zai tafi ba.

Ranar da aka rubuta ta zo, motoci ba su iso ba. Da aka tashi daga makaranta na bi ta shagon, wai ina neman wata 'yar roba ta tiyo. Ɗalibata ta dube ni ta saman tabarau, ta bar ni na gama ƙaryata, sannan ta ce an biya tun da safe. Daga baya na ji yadda aka yi. Alhaji ya sayar da bijimai biyu da yake kiwo da wani wake da ya ajiye yana jiran tsada, duk a farashin da bai so ba. Da muka haɗu a masallaci na yi ƙoƙarin yi masa godiya, ya katse ni. Ya ce layi huɗun nan sun ci masa shanu biyu, kuma da doguwar takardar farko ce da yanzu suna nan suna tuƙa. Ya ce amma shi ya faɗi ranar da bakinsa, babu wanda ya faɗa masa.

Motocin sun dawo bayan kwana goma sha wani abu. Labarin bijiman kuwa ya riga su zaga duk yankinmu na Adar. Da kakar albasa ta kewayo, manoma daga Kalfu har Barmu suka riƙa neman Alhaji da kayansu, don an ji cewa takardarsa tana sayen taki da inji tun kafin motoci su tashi. Ya aiko a ce in zo in rubuta masa irin waccan, ya ƙara da cewa busasshiyar yake so.

A cikin sanyin shekarar da aka sayi injin na je ƙauye. Tun daga kan tudu nake jin ƙugin injin. Fadamar ta yi kore shar, ninki biyu na abin da na saba gani, ƙanena na tsaye cikin laka har ƙauri yana juya ruwa daga fangali zuwa fangali. Ya miƙo mini tiyo ya ce in riƙe, tunda hannuna ya saba da abu mai tsawo. Da na dawo gari na bi ta ofishin ɗalibata da buhun albasa da ya aiko mata. Kafin in fita na tambaye ta, tsakani da Allah, nawa za ta ba takardata ta farko.

"Bakwai bisa ashirin, Mushe," ta ce. "Saboda kyan rubutu."

Abin da na koya ban same shi a littafin da na karantar ba. Duk "idan" da mutum ya saka a alkawarinsa, wani kaso ne na nauyinsa ya ɗora a kan wanda ya yi wa alkawarin, ko da ladabi ya yi shi, ko da tsoron Allah. Mai son maganarsa ta yi tafiya har inda ba a san fuskarsa ba, sai ya kwance mata dabaibayi, ya faɗi rana, ya ɗauki hanyarsa a kansa, sannan ya roƙi Allah ya cika masa. Har na yi ritaya ban sake rubuta wa yaro cewa rubutunsa ya bushe ba sai na fara dubawa ko ya faɗi duk abin da ake bukata. In ya faɗa, nakan ba shi makinsa, in kama bakina.